Babi na Biyar: Arha Ba Ta Ado? Ƙananan Finafinan 'Yan Fashi na Tsohuwar Birtaniya

Duk wanda ya taɓa cin karo da ɗaya daga cikin tsofaffin finafinan nan na Birtaniya, baƙi-da-fari, masu sufeton 'yan sanda sanye da doguwar kwat da malafa, yakan yi tambaya ɗaya tun ba a yi nisa ba: wai wannan fim ne na kirki, ko kuwa tsufa ne kawai ya sa ake ganin girmansa? Tambayar tana kan hanya. Ɗakunan da ake wasan a ciki 'yan mitsi-mitsi ne, 'yan wasan ba su da yawa, naushin da jarumi ke kai wa mugu wani lokaci ko yaro ba zai ruɗa ba, kuma kafin ka gama gyara zama fim ya ƙare, domin yawancinsu ba sa wuce sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Bahaushe ya ce arha ba ta ado. To me ya sa tashar Talking Pictures TV, da aka buɗe a Birtaniya a 2015, ta mayar da irin waɗannan finafinai cikin manyan abin da take nunawa, kuma ta samu masu kallo?

Gara in faɗi matsayina tun yanzu. Mafi yawansu ba su da wani armashi, wasu ma ɓata lokaci ne. Amma akwai 'yan kaɗan a cikinsu da suka fi manyan finafinan zamaninsu riƙe zuciyar mai kallo, kuma ba sa'a ce ta kawo hakan ba. Kafin mu ga abin da ya raba mai kyau da maras kyau, sai mun fara sanin yadda aka yi aka samu irin wannan fim, da yadda ake sayar da shi.

Doka ce ta haife su

A tsakiyar shekarun 1920 finafinan Amurka sun mamaye gidajen siliman Birtaniya, har ta kai na gida ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ake nunawa ba. Gwamnati ta ga masana'antar ƙasar na shirin mutuwa, sai majalisa ta yi doka a 1927 wadda ta tilasta wa masu rarraba finafinai da masu gidajen silima su ware wa finafinan Birtaniya wani kaso. An fara da kaɗan, ana ƙarawa a hankali har ya kai kashi 20 cikin 100 a 1936.

Dokar ta faɗi yawa, ba ta faɗi inganci ba. Kamfanonin Amurka da ke da ofisoshi a Landan suka gane cewa ba sai sun wahalar da kansu ba: su sayi fim na gida mafi arha, su cike gurbin da doka ta nema, su ci gaba da kasuwarsu. Farashin da aka saba biya a lokacin shi ne kusan fam 1 a kan kowace ƙafa ɗaya ta zaren fim. Furodusa ya san abin da zai samu tun kafin a kunna kyamara, saboda haka ribarsa ita ce abin da ya iya matsewa daga kuɗin aiki. A sutudiyon Twickenham na Julius Hagen har dare ake raba wa aiki, wasu su ɗauki nasu fim da rana, wasu su karɓi wurin da daddare. Ana ma ba da labarin cewa wasu gidajen silima kan haska irin waɗannan finafinai da sassafe, lokacin da masu shara ne kaɗai a zauren, don dai a rubuta cewa an bi doka.

Duk da haka, a wannan kasuwar cike gurbi Michael Powell ya koyi sana'a. Ya ba da umarnin finafinai sama da 20 tsakanin 1931 da 1936, na farkonsu labarin wani mai kisa ne da ya tsere daga kurkuku, kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan daraktocin da ƙasar ta taɓa yi.

Fim ɗin gyara

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu silima ta zama babbar hanyar shaƙatawa a Birtaniya. A 1946 kaɗai an sayar da tikiti sama da miliyan 1,600. Wanda ya sayi tikiti kuwa ba fim ɗaya yake sa ran gani ba. Za a nuna masa labaran mako, da tallace-tallace, da ƙaramin fim na kusan sa'a ɗaya, sannan a zo kan babban fim ɗin da ya kawo shi. Ƙaramin nan tamkar gyara yake a wurin mai awo: ba don shi ka zo kasuwa ba, ba ka biya kuɗinsa daban ba, amma ran da aka hana ka sai ka ji an cuce ka.

A nan kuɗi ke shigowa, kuma shi ne mabuɗin babin nan gaba ɗaya. Babban fim yana samun kaso daga abin da aka tara a ƙofa, idan jama'a sun cika zaure ya samu da yawa. Shi kuwa na gyara, galibi kuɗi tsayayye ake biyan sa. Ko ya burge ko ya gundura, abin da zai shigo bai canja sosai ba. Manyan rukunan silima na lokacin, Odeon da Gaumont na kamfanin Rank da kuma ABC, su ke yanke farashi, kuma doka ta 1948 ta ɗora musu nuna kayan gida kashi 25 cikin 100 a ɓangaren ƙananan shirye-shiryen. Daga 1950 aka ƙara da wani haraji a kan tikiti, wanda ake kira da sunan jami'in baitulmali Wilfrid Eady, ana mayar wa masu shirya finafinan gida wani abu daga ciki. Da tsayayyen kuɗin nan da rabonsa na harajin furodusa ke lissafi. Yawanci yakan kashe tsakanin fam 15,000 zuwa 25,000, ya gama ɗauka cikin mako biyu ko uku.

Me ya sa labarin laifi ya fi yawa? Saboda shi ya fi sauƙin kuɗi. Ba ya buƙatar dawaki, ko fada, ko dubban sojoji. Gawa ɗaya, ofishin 'yan sanda, falo, wayar tarho, mota biyu, shi ke nan labari ya tashi.

Masu niƙa finafinai

A kudancin Landan akwai wani ɗan sutudiyo, Merton Park, inda kamfanin Anglo-Amalgamated na Nat Cohen da Stuart Levy ya riƙa fitar da kaya ba ƙaƙƙautawa. Daga 1953 zuwa 1961 sun yi jerin Scotland Yard, gajerun finafinai 39 na kusan rabin sa'a, inda marubuci Edgar Lustgarten ke zaune a ɗakin karatu yana gabatar da labarin kisa da murya mai sanyi kamar yana ba da labarin ɗaurin aure. Daga 1960 zuwa 1965 kuma suka yi finafinai 47 da sunan marubucin labaran laifi Edgar Wallace, wanda ya rasu tun 1932. Da yawa daga cikinsu sunansa kawai suka ara, labarin ya yi nisa da abin da ya rubuta.

Sai 'yan'uwan nan biyu Amurkawa, Edward da Harry Danziger, da suka buɗe sutudiyon New Elstree a 1956. Su ne sarakunan tsimi. Marubucinsu Brian Clemens ya sha ba da labarin yadda ake ba shi aiki: a lissafa masa ɗakunan da suka rage daga wasu finafinai, wataƙila zauren kotu da gidan rawa da cikin jirgin ruwa, a ce ya rubuto labarin da zai ratsa ta cikinsu duka, nan da 'yan kwanaki. Wanda ya kalli finafinan Danziger biyu ko uku zai gaskata shi.

Kamfanin Hammer, kafin ya yi suna da finafinan ban tsoro, shi ma da wannan sana'a ya tashi. Maimakon hayar sutudiyo sai su kama babban gida a ƙauye su yi ta ɗauka a ɗakunansa, har ɗaya daga cikin gidajen, Down Place da ke bakin kogin Thames, ya koma sutudiyon Bray. Sun kuma ƙulla yarjejeniya da wani furodusan Amurka, Robert Lippert, yana turo musu taurarin Hollywood waɗanda kasuwarsu ta fara ja da baya, irin su George Brent da Dane Clark da Dan Duryea, don fim ya samu shiga a can. Shi ya sa za ka yi ta ganin Ba'amurke a tsakiyar rikicin Landan, marubuci na ta ƙoƙarin bayyana abin da ya kawo shi. A 36 Hours na 1953, Duryea matuƙin jirgin sama ne da ya zo ganin matarsa na ɗan lokaci, aka kashe ta, laifi ya faɗa kansa.

Inda arha ke tona asiri

Maras kyau a cikinsu ba ya ɓuya. Alamarsa ta farko ita ce jan lokaci. Mota za ta taho daga nesa, ta tsaya, mutum ya fito, ya rufe ƙofa, ya taka har bakin gida, ya danna ƙararrawa, ya jira, duk kyamara na kallon sa, domin minti ɗaya ne aka samu a arha. In an shiga gidan rawa, mai teburi huɗu da mutum goma, sai mawaƙiya ta rera waƙarta daga farko har ƙarshe alhali ba abin da ya haɗa ta da labarin. Abin da ya kamata a nuna, kamar fashin kansa ko hatsarin mota, sai a bar wani ɗan sanda ya ɗaga tarho ya ba da labarinsa da baki. Daren da ake gani a waje sau da yawa da rana aka ɗauke shi aka rage haske, inuwar mutane na nan ɓaro-ɓaro a ƙasa.

Duk waɗannan cuta ɗaya ce. An ɗauko labarin da ke buƙatar kuɗi mai yawa aka tura shi cikin ƙaramin aljihu, sai ya yi ta ɓullowa ta gefe.

Ɗaki ɗaya da agogo

Masu kyaun kuwa daga aljihun suka faro. Marubucin ya san yana da ɗaki ɗaya ko biyu, da mutum biyar, da sa'a ɗaya, sai ya nemi labarin da ƙuncin wuri da ƙarancin lokaci su ne ainihin tashin hankalinsa. Misali uku sun isa.

Cash on Demand, wanda Hammer ta yi a 1961 ƙarƙashin darakta Quentin Lawrence, kusan gaba ɗayansa a cikin wani ƙaramin reshen banki yake, ana saura kwana biyu Kirsimeti. Peter Cushing ne manaja, Fordyce, mutum mai tsanani da ƙeƙasasshiyar zuciya, wanda ke wulaƙanta babban akawunsa a kan ƙaramin kuskuren lissafi. Sai ga wani dattijo mai fara'a da kyakkyawar shiga, André Morell ke nan, ya ce shi jami'i ne daga kamfanin inshora, ya zo duba tsaron banki. Da suka keɓe a ofis, ya zauna ya miƙe ƙafa, sai tarho ya yi ƙara: muryar matar manaja ce tana kuka, tana roƙon ya yi duk abin da aka ce. Daga nan manaja da hannunsa zai taimaka a kwashe kuɗin bankinsa, a gaban ma'aikatansa, ba tare da ya bari sun gane ba. Babu harbi, babu tseren mota. Abin kallon shi ne fuskar Cushing, yadda girman kai ke zubewa daga kanta kaɗan-kaɗan, da yadda hannunsa ke rawa a kan makullin taska, da lokacin da dole ta sa ya nemi rufin asiri a wurin akawun da ya gama ci wa mutunci da safe. Ɓarawon ma ya fi manajan iya zama da mutane, har yana tambayar ma'aikata lafiyarsu, abin da maigidansu bai taɓa yi ba. A ganina da an ninka kuɗin fim ɗin nan sau goma da an lalata shi, domin da sai an fita waje an nuna mana matar manajan, alhali rashin ganin ta shi ke sa mai kallo zama a ƙage tare da manajan.

Na biyu da na uku duk na Vernon Sewell ne, dattijon darakta da ya daɗe a wannan layi. A The Man in the Back Seat na 1961, wanda bai cika sa'a ɗaya ba, samari biyu sun tare wani mai karɓar cacar tseren karnuka, suka buge shi don su ƙwace jakar kuɗinsa. Sai suka tarar jakar ɗaure take da sarƙa a wuyan hannunsa. Suka jefa shi bayan mota a sume, suka shiga gari. Sauran fim ɗin duk ƙoƙarin rabuwa da shi ne: duk inda suka tsaya za su ajiye shi sai wani ya ɓullo, ga shi numfashinsa na ƙara yin ƙasa. Mota ɗaya, dare ɗaya, titunan Landan, da abokai biyu da ke ƙara tsanar juna.

Strongroom na 1962 ya fi shi ɗaci. 'Yan fashi uku sun shiga banki ana shirin tafiya dogon hutun Ista, abu ya kwaɓe musu, suka kulle manaja da sakatariyarsa a ɗakin ajiyar kuɗi wanda iska ba ta shiga. Da suka natsu sai suka gane cewa ba mai buɗe bankin nan sai bayan hutu, mutanen kuma ba za su kai ba. Suka tura ɗayansu ya ajiye makullan inda za a gani ya sanar da 'yan sanda, sai ya yi hatsarin mota a hanya ya mutu, makullan na jikinsa. Yanzu saura biyu, ga kuɗi a hannu, ga hanyar gudu a buɗe, amma sai su zaɓa: su tsere, ko su koma su fasa ƙofar da suka rufe da kansu. Sewell na yanka hoto tsakanin waɗanda ke ciki suna haki, da ɓarayin da ke gardama, da abokan manaja da ke mamakin rashin zuwansa inda suka yi alkawari. Ba zan faɗi ƙarshensa ba, illa dai kada mai karatu ya sa ran za a lallashe shi.

Akwai abin da mai kallon yau zai iya tsallakewa a waɗannan biyun, wanda 'yan kallon wancan lokaci ba sa buƙatar a gaya musu. A ƙarƙashin dokar kisan kai ta 1957, wanda ya kashe mutum a yayin sata hukuncinsa rataya ne, kuma ba a daina ratayewa a Birtaniya ba sai bayan Agustan 1964. Ke nan ba tausayi kaɗai ke mayar da ɓarayin Sewell wurin wanda suka cuta ba. Muddin yana numfashi, su ɓarayi ne masu jiran kurkuku. Da zarar ya cika, igiya ce. Fim bai kashe ko sisi ba wajen gina wannan tsoro, doka ta riga ta gina masa shi.

Abin da kyamara ta kwasa a hanya

Akwai wani daɗin kuma da masu finafinan ba su nufa ba. Da yake gina unguwa a sutudiyo na da tsada, sai su fita da kyamara titi. Saboda haka a bayan ɗan wasa za ka hango Birtaniya ta gaske: filayen da bama-baman yaƙi suka rushe ba a sake ginawa ba, shagunan shayi masu tururi a gilashi, gidajen haya masu matattakala a duhu, baƙar motar 'yan sanda ƙirar Wolseley mai ƙararrawa a gaba maimakon jiniya. Manyan finafinai sukan share wuri su ƙawata shi kafin su ɗauka. Waɗannan ba su da lokacin shara.

Mutanen cikinsu ma ƙananan mutane ne, akawu da direba da mai gadi da matar aure mai bashi. A Smokescreen na 1964, wanda Jim O'Connolly ya yi wa kamfanin Butcher's, Peter Vaughan ne mai binciken inshora da ya je Brighton bin diddigin wata mota da ta faɗo daga kan dutse tana ci da wuta. Mutum ne mai maƙo, yana ƙirga kowane kwabo, yana guje wa tasi, ana ta yi masa dariya, mai kallo ma na yi. Can sai a bi shi asibiti a ga matarsa kwance cikin ciwo mai tsanani, a gane inda kwabban ke tafiya. Ɗan gajeren waje ne a fim ɗin, amma bayan shi ba ka ƙara yi wa mutumin kallon da.

Ƙofar shiga, da ƙofar fita

Masana'antar gyara ta zama wurin koyon aiki da wurin fakewa. Sean Connery ya fito a matsayin ƙaramin ɗan daba a No Road Back na 1957, shekara biyar kafin ya zama James Bond. Michael Caine na cikin 'yan fashin Solo for Sparrow na 1962, ɗaya daga cikin jerin Edgar Wallace. Joseph Losey, wanda aka hana aiki a Hollywood bisa zargin kwaminisanci, ya yi The Intimate Stranger a Merton Park a 1956 da sunan aro. Kada dai wannan ya ruɗi mai karatu: ganin fuskar da ta yi suna daga baya ba ya mayar da fim mai kyau, kuma da yawa daga finafinan da ake tallatawa yau da sunan wani tauraro, minti biyar ne rabonsa a ciki.

Abin da ya kashe kasuwar ba rashin inganci ba ne. Tashar ITV mai talla ta fara aiki a 1955, akwatin talabijin ya shiga gidaje, tikitin silima ya faɗo zuwa kusan miliyan 500 a 1960. Gidajen silima suka yi ta rufewa, manyan finafinai suka ƙara tsawo har ba sa barin wuri ga na gyara, kuɗin aiki ya hau alhali farashin da ake biya bai motsa ba. 'Yan'uwan Danziger suka bar fim suka koma harkar otal. Merton Park ta rufe a 1967.

Sai dai mutanen da suka ƙware wajen ƙulla labarin laifi cikin sa'a ɗaya da kuɗi kaɗan ba su zauna a gida ba, domin abin da talabijin ke nema ke nan kowane mako. Robert Baker da Monty Berman, masu kamfanin Tempean da ya yi ta fitar da finafinan gyara a shekarun 1950, su suka kawo The Saint da Roger Moore a 1962. Brian Clemens na Danziger ya zama ginshiƙin The Avengers. Babi na gaba zai bi su zuwa can, mu ga abin da ya faru da sufeton nan mai doguwar kwat da ya tashi daga zauren silima ya shiga falon mutane.